Sansanin kimiyya na hutu: abin da muke yi da baho da sikeli

Sana'ata ita ce shirya wa yaran firamare da na ƙaramar sakandare sansanin kimiyya a lokacin hutu, a nan Kano da garuruwan da ke kewaye. Darasin da aka fi saninmu da shi shi ne na dalilin da ya sa wani abu ke nitsewa a ruwa, wani kuma ya taso. Muna zuwa makaranta da bahuna, da sikelin awon giram, da kofunan awo, da ƙwai, da gishiri, da lemo, da zuma, da man gyaɗa.

Dokata ta farko ita ce ba a jefa komai cikin ruwa sai kowane yaro ya rubuta hasashensa. Kusan duka za su ce mai nauyi ne ke nitsewa. Sai in miƙa musu ƙaramar ƙusa da ƙaton guntun katako. Ƙusa ta tafi ƙasa, katako ya zauna a sama, gardama ta kaure, ni kuma in yi shiru. Wannan shirun shi ne gwanintar aikin, kuma shi ne malamai da yawa ba sa iya jurewa. Sai sun gaji da musu muke ɗauko sikeli da kofin awo, su gano da hannunsu cewa abin dubawa shi ne nauyin abu gwargwadon girmansa, wato dansiti. Ruwa lita 1 kilo 1 ne. Ƙarfe mai wannan girman ya kusa kilo 8, man gyaɗa kuwa bai cika kilo 1 ba, shi ya sa yake kwanciya a kan ruwa.

Daga nan sai lemo: da ɓawonsa yana tasowa, a ɓare shi ya nitse, saboda iskar da ke cikin ɓawon. Ƙwai ya nitse a ruwan famfo, a zuba gishiri a dama sosai ya taso. Wanda na fi alfahari da shi shi ne gilashi mai hawa uku, zuma a ƙasa, ruwa mai launi a tsakiya, mai a sama. Sai an zuba a hankali ta bayan cokali, in ba haka ba ya dagule. A nan ne masu sayar da zuma ke ba ni ciwon kai. Ka biya kuɗin zuma tsantsa, a kawo maka ruwan sukari da aka dafa, kana zuba ruwa ya narke a gaban yara. Yanzu ba na karɓar kwalba sai na ɗora ta a sikeli, domin zumar kirki lita 1 tana kai wajen kilo 1.4.

Tun kafin in ji sunan Archimedes, masanin nan na Girkawa da ya rayu a Sisili sama da shekara 2,200 da suka wuce, na ga wannan ilimi a tsakar gidanmu. Kakata takan zuba wake a ƙwarya da ruwa, wanda ƙwari suka cinye cikinsa ya taso ta kwashe. Haka take gwada ƙwan zabi, wanda ya taso ba ya shiga tukunya. Malaminmu na fiziks a sakandare shi ya ɗora mini lissafin a kai: ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. A wurinsa na koyi gwada kowane abu a gida kafin in kai shi gaban ɗalibai.

Ranar ƙarshe ta jirgin ruwa ce. Kowace ƙungiya tana samun takardar alminiyam mai girma ɗaya, su ƙera kwale-kwale, su riƙa loda masa tsakuwa har ya nitse. Nan suke gane yadda jirgin ƙarfe ke tafiya a kan teku, da yadda masuntan Argungu ke kwanciya a kan gora. Nan kuma nake yi musu maganar lodin da ya wuce kima, wanda ke cin rayukan mutane a kogunanmu duk damina, da layin da ake shata wa jiragen ruwa a jiki tun dokar Ingila ta 1876 don kada kaya ya wuce shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu kwaikwayo. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube, ya zo da ƙwai da gishiri, yara su tafa, ya karɓi rabin kuɗina ya tafi, babu awo babu tambaya. Sai mai makaranta ta ce mini, "Malam, ai wane ma ya yi mana a rahusa." Nakan ce, "Hajiya, ki kira yaro ɗaya ki tambaye shi me ya sa ƙwan ya taso." Ba na rage kaya don farashi ya sauka, kuma ba na haɗa yara fiye da biyar a baho ɗaya. Makarantar da ke son mu zo a dogon hutu ta yi magana tun zango na uku, kuma malamin kimiyyarta ya zauna tare da mu daga farko har ƙarshe.