Wasa biyar cikin kwana uku: yadda nake kula da autana a gasar hoki

Jiya da daddare muka dawo Ottawa daga Kingston, tafiyar awa biyu ce amma kafin mu fita gari yaron nan ya yi barci a bayan mota. Wasa biyar suka buga daga Juma'a zuwa Lahadi. Shekarunsa 11, yana rukunin da ake kira U13, wato 'yan ƙasa da shekara 13. Ga 'yan uwana na gida, hokin ƙanƙara nake nufi fa, ba na fili irin wanda ake bugawa a Kaduna ba. Shi wannan da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa ake yinsa, yaro ya shiga ya yi gudu iya ƙarfinsa kamar sakan 45 zuwa minti ɗaya, ya fito ya zauna a benci, ya sake komawa, haka har a tashi.

Bara ban san komai ba wallahi. Ni a tunanina tunda cikin sanyi suke wasan ai ba wani gumi, ashe a ƙarƙashin hular kwano da kariyar ƙirji da ta gwiwa da ta wuya da safar hannu yaro jiƙewa yake sharkaf, kuma sanyin wurin yana sa ba ya jin ƙishi sosai. Wata Asabar a gasar bara na barshi ya ci soyayyen dankali a kantin filin, da yamma suka shiga ruwan otal da abokansa kusan awa biyu, suka fito suka kama wasa da ƙananan sanduna a barandar ɗakuna har bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Da safe ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa, ina daga sama ina ganinsa yana jan jiki, da muka shiga mota ya fashe da kuka yace Umma ni ban iya ba. Abin ya tsaya min a rai sosai, don ya iya, jikinsa ne ba mai.

Tun daga nan na gane awannin da ke tsakanin wasa da wasa aikina ne, ba na koci ba. Koci nasa a kan ƙanƙara yake.

Abinci shi ne ya fi cin hankalina. Irin wannan gudun yana cinye sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka, kuma in wasa na gaba nan da awa biyar ne to dole a fara mayarwa da wuri. Yana fitowa daga ɗakin canza kaya, tun kafin mu kai mota, nake miƙa masa madarar cakulan da ayaba ko dabino uku huɗu. Madarar nan iyaye da yawa ita suke bayarwa, akwai sukari, akwai abin gina jiki, akwai ruwa, kuma yara ba sa gardama a kanta. Abinci mai nauyi kuma sai in lissafa ya zama awa biyu zuwa uku kafin su koma. Mu kuma muna da ƙarin matsala, in ƙungiya ta yi odar fiza yawanci da naman alade a kai, to maimakon yarona ya zauna yana kallo ko ya cika ciki da biskit, tun daren Alhamis nake dafa-duka da kaza in zuba a kula, mai kaɗan, yaji kaɗan, don mai da yaji suna daɗewa a ciki sai yaro ya shiga wasa yana jin nauyi. Yanzu har wata uwa a cikinmu take tambayata yadda ake yinta.

Ruwa kuwa ba na jira yace yana jin ƙishi, kurɓa-kurɓa duk yini. Na koya masa ya riƙa duba fitsarinsa, in ya yi duhu to da saura. Lemon ƙarin kuzari ɗin nan masu sinadarin kafeyin a ciki ko kusa ba na ba shi, ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ma tace kar a ba yara, amma sai ka ga ɗan shekara 12 riƙe da gwangwani da ƙarfe bakwai na safe, abin yana damuna.

Jiƙaƙƙun kaya a cire nan take, a sa busassu, a baza takalmi da safa su sha iska. Ya ɗan taka na minti goma sannan ya kwanta ya ɗora ƙafa a filo.

Maganar ruwan otal mun sha rigima. Ban hana gaba ɗaya ba, don rabin daɗin tafiyar kenan a wurinsu kuma yara ne, amma sai bayan wasan ƙarshe na ranar, minti ashirin, a fito. Ƙarfe tara yana gado, waya tana hannuna. Mai shekarunsa barcin awa 9 zuwa 11 ake so ya samu, in kuwa wasa ƙarfe takwas ne kuma ana so su iso awa ɗaya kafin nan, ku yi lissafi da kanku.

Sai abin da ba a cika faɗa ba, hutun zuciya. Baban yara yana son abin nan sosai, suna shiga mota zai fara, me yasa baka miƙa ba, me yasa ka tsaya. Na ce masa Alhaji don Allah ka barshi ya huce, in yana son maganar shi zai ɗauko. Kuma haka ake yi, bayan ya ci ya sha da kansa yake cewa Abba ka ga abin da na yi a zagaye na biyu?

Guda ɗaya ne ba sassauci, bugun kai. Nan Ontario akwai dokar da ake kira Rowan's Law tun 2018, sunan Rowan Stringer aka sa mata, yarinya 'yar Ottawa mai shekara 17 da ta rasu a 2013 bayan ta samu bugun kai fiye da sau ɗaya cikin 'yan kwanaki a wasan rugbi. Duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza fitar da shi ake, ba ya komawa sai likita ya duba ya amince. Ranar Asabar wani yaro a cikinsu ya bugi bango yace kansa na juyawa, bai buga na Lahadi ba, ya zauna kusa da mu da rigar ƙungiya yana share hawaye. Na tausaya masa ƙwarai, kuma na je na riƙe hannun mahaifiyarsa na ce mata ta yi daidai.

Na uku muka zo. Kayansa suna baje a ɗakin ƙasa na kunna musu fanka, yau Litinin ba atisaye, yana dawowa daga makaranta zai tarar da farfesu.