Alhamdulillah, an gama difens: godiyata ga duk wanda ya tsaya min a kan wannan eriya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Sai yau na samu na zauna in rubuta wannan, tun ranar da aka fito daga difens, wato kare aikin bincikena a gaban malamai, barci kawai nake yi, saƙonninku sun taru wallahi ban iya amsa ko rabi ba, ku yafe min. Kun san yadda aka sha fama, ba sai na maimaita ba. Digiri na biyu ya kammala, malamin da aka gayyato daga waje ya sa hannu, gyara kaɗan ya rage. Allah ne abin godiya.

Amma akwai yini ɗaya da ban taɓa ba kowa labarinsa dalla-dalla ba, ko Maigida sai daga baya ya ji, kuma saboda mutumin da ya taimake ni a ranar nake wannan rubutu.

Waɗanda kullum suke tambayata wai me nake yi da ɗan allon nan mai jan ƙarfe, ga shi a taƙaice. Eriya ce irin ta faci, wato ɗan falle na tagulla a kan allon FR4, irin allon da ake haɗa kayan lantarki a kansa, bayansa kuma an shafe shi duka da tagulla. Tawa ta gigahaz 2.4 ce, inda Wi-Fi yake aiki, facin bai wuce milimita 29 a tsawo da 38 a faɗi ba, kaurin allon milimita 1.6. Matsalar irin wannan eriya an daɗe da saninta: zangonta, wato faɗin mitocin siginar rediyo da take iya kamawa, ƙunci ne, a kan allo irin nawa kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na mitar da take aiki a kai kawai take ɗauka, alhali Wi-Fi ɗin kansa daga megahaz 2400 ne zuwa 2483.5, ka ga ba za ta ma rufe shi duka ba. Ga FR4 da shanye ƙarfi, shi ya sa harbinta ba ya nisa. Allon Rogers 5880 shi ne mai kyau, amma da na ji kuɗinsa da na kawo shi daga waje sai na haƙura. Maganin da Dokta, malamin da ke duba aikina, ya ɗora ni a kai shi ne a ɗora faci na biyu a saman na farko, a bar iska a tsakaninsu, ba waya ba komai, na ƙasa ne yake tayar da na sama. Kowanne yana da mitar da yake amsawa, in an daidaita su kusa da juna sai su haɗu su ba da zango mai faɗi, harbin ma ya ƙaru. Duk sirrin yana cikin tazarar nan ta tsakani. In ta yi kaɗan mitocin biyu su ware, tsakiya ta lalace, in ta yi yawa na saman ya daina ji.

A cikin CST, manhajar da ake gwada eriya da ita a kwamfuta (simuleshin), komai ya yi kyau, wata da watanni ina kallon layin S11, mai nuna yawan siginar da eriya ke dawowa da ita baya, ya nutse ƙasa da -10 dB, iyakar da ake so ya sauka ƙasa da ita, har rami biyu, abin sha'awa. Saura a gwada a zahiri. Sai da na yi tafiya zuwa wata jami'a inda suke da na'urar VNA mai auna eriya, aka ba ni awa biyu, saboda wasu ɗalibai na layi. Ƙusoshin roba da na yi oda ba su iso ba, don haka soso na yanka na sa a tsakanin allunan biyu, ashe zafin mota da matsin jaka sun danne shi, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Aka ɗaura eriya, na ɗaga kai na kalli allon na'ura, sai na ga ramukan nan biyu sun gudu daga juna, tsakiya ta yi tozo ta haye saman layin -10, daidai wurin da nake buƙata. Wallahi ƙafafuna suka ɗauki rawa. Shekara biyu da wani abu, kuɗin da aka ci bashi, yarinyata da na yaye da wuri saboda wannan aiki, duk suka zo min a lokaci ɗaya. Na juya na fuskanci bango don kar yaran da ke wurin su ga hawayena.

Tekinishan ɗin wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Lokacin tashinsa ya yi har ya ɗauki hularsa. Ya ajiye ta, ya ɗauki eriyar ya ɗaga ta saitin taga yana leƙen tsakaninta, ya ce "'Yata share hawayenki, aikinki lafiya lau yake, soson ne ya kwanta." Ya buɗe durowa ya zaro biro guda biyu da suka ƙare, ya cire bututun, ya sa reza yana yankawa gunduwa-gunduwa, kowace sai ya auna ta da baniya, in ta ɗara ya goga ta a takardar yashi. Huɗu ya yanka daidai da awon da ke cikin zanena, ya kafa su a kusurwoyi nesa da facin. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Ya fita da kansa ya nemo mai janareto, ya dawo ya sake saita na'urar tun daga farko, da gwaje-gwajen saiti guda uku, buɗe, gajere da lodi mai om 50, bai ce min uffan na gajiya ba. Sau uku muna canza tsayin bututun, har fil ɗin SMA, mahaɗin da ake ɗaura eriyar a na'ura da shi, ya saki ya sake ɗiga masa darma. Ana kiran magariba tozon nan ya sauka ƙasa da layi. Na ce Baba ga ɗan abin da zan iya, ya ture hannuna ya ce in sa shi a addu'a kawai, shi ma yana da 'ya a makaranta.

Baba, ban san ko wannan zai kai gare ka ba. Allah Ya jiƙan mahaifanka, Ya sa ka gama lafiya, yadda ka tsaya wa 'yar wani Allah Ya kawo wanda zai tsaya wa taka a inda ba ka nan, Ya ba ka aikin hajji, Ya haskaka kabarinka ranar da babu haske sai nasa.

Dokta, na gode da haƙuri, sau nawa ina kawo zane kana cewa in koma in duba tsawon layin ciyarwa, wato wanda ke kai sigina ga facin, yanzu na gane dalili. Inna ta ce kar in kuskura in ambace ta, to ki yi haƙuri Inna, ke kika goya min yarinya wata bakwai da ciwon ƙafarki, ba zan iya yin shiru ba. Maigida da ya sayar da babur ɗinsa aka sayi kwamfutar da za ta iya ɗaukar simuleshin, Allah Ya mayar maka da mafi alheri. Ƙanina Auta da ya riƙa zaga Sabon Gari yana nemo min ruwan ferik kulorayid na wanke allo har ya ɓata rigunansa biyu da tabo, da 'yan ajinmu da muka riƙa kwana a lab, Allah Ya haɗa mu a alheri.

Akwai 'yan uwa na jini da na so ƙwarai in gani ranar, tun sati biyu na aika musu, ko waya ban samu ba. Na san wasu tun farko ba su so karatun ba, ana cewa me mace za ta yi da wayoyi. Ya ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma na bar shi, ƙofata a buɗe take.

Masu neman in turo musu awon facin da tazarar, ku bari in miƙa gyaran nan tukuna, zan turo in sha Allah. Eriyar tana nan a ɗakin Inna cikin kwanon samira, da bututun biron Baba a jikinta, ta ce kar wanda ya taɓa mata.