Lambar da ba ta shigo ba

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare ƙanina ya kira ni. Ya ce, "Yaya, an kwantar da Mama a asibiti, sun ce sai an biya kafin a yi mata hoto." Ni kuwa a ƙasar waje nake zaune, shigowata ke nan daga aiki, ina tsaye a kicin, ko takalmi ban cire ba. Kuɗin suna nan a asusuna na gida, dama don irin wannan ranar nake tara su. Na buɗe manhajar banki, na sa lambar asusunsa, na danna tura. Sai aka rubuto mini cewa an aiko da lambobi shida ta tes, in shigar da su cikin minti biyar.

Na zuba wa wayar ido, ɗan agogon da ke ƙasan allo yana ta raguwa. Na kashe wayar na kunna, na je bakin taga, na cire sim ɗin da tsinken takarda na goge shi da gefen rigata na mayar. Shiru. Sau uku ina neman a sake aikowa, a na huɗu manhajar ta kulle ni. Abokin zamana na tasa daga barci, shi ya tura daga nasa asusun, Allah Ya saka masa da alheri. Mama ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Amma ni daren nan ban runtsa ba, ina ta tunanin yadda kuɗina na halak suka zama kamar hoto a bango, ina ganinsu amma ba halin taɓawa.

Washegari na gano abin da ya faru. Layina na gida ya mutu. Wata bakwai ke nan ban sa masa kati ba, ban kira kowa da shi ba, tunda duk maganarmu da 'yan uwa ta WhatsApp muke yi. Na sha ganin babu sabis a kansa, sai na ɗauka haka abin yake idan mutum yana waje. Ashe kamfanonin waya ba sa barin lamba ta zauna haka nan. Idan aka daɗe ba a yi amfani da ita ba sai su toshe, daga baya su sayar wa wani, kuma wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, daga kamfani zuwa kamfani. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. A wajen banki, duk wanda ke riƙe da lambar nan shi ne ni. Da ta faɗa hannun wani, shi zai riƙa ganin alat ɗina, kuma a wayarsa lambobin sirrin za su riƙa sauka.

Ko layin yana raye ma, saƙon yana da doguwar tafiya. Banki ba ya aiko maka kai tsaye. Yana miƙa wa wani kamfani mai tura saƙonni da yawa, shi kuma ya miƙa wa kamfanin layinka, sannan kamfanin layinka ya duba a wace ƙasa wayarka take, ya tura ta kan netwok ɗin da ta maƙale a can. Wannan shi ake kira romin, kuma ba ya yiwuwa sai akwai yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu. A kowane zango saƙon na iya maƙalewa. Shi ya sa za ka ga tes ɗin ɗan uwanka ya shigo nan take, na banki kuwa sai bayan minti goma, lokacin da lambar ta riga ta daina aiki.

Na kira bankin, na ce su mayar da asusun kan lambata ta nan. Wata mata mai ladabi ta ba ni haƙuri, ta ce tsarinsu ba ya karɓar lambar waje, kuma canza lamba sai na zo reshe da kaina. Ban ga laifinta ba. Na ma fahimci dalilin dokar, domin da ana canza lamba da kiran waya kawai, da ɓarayi sun gama da mu. Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne a ce hanya ɗaya tak aka ba mutum, kuma hanyar ta dogara da zamansa a gida. Mu da ke waje muna da yawa, kuma akasarinmu don na gida muke riƙe da asusun nan.

Ita kanta tes ɗin ba wata katanga mai ƙarfi ba ce. A Disamban 1992 aka aika ta farko a Ingila, lokacin ba wanda ya yi tunanin za a ɗora mata tsaron dukiyar mutane. A 2016 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta ja kunne kan dogaro da ita. A 2017 a Jamus ɓarayi suka bi ta raunin SS7, tsohon tsarin da kamfanonin waya ke magana da juna ta kansa, suka karkatar da irin waɗannan lambobi suka kwashe kuɗin mutane. Alhali akwai abin da ya fi ta. Manhaja irin Google Authenticator tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30, tana lissafa ta ne daga agogon waya da wani sirri da aka dasa mata tun farko, ba ruwanta da sabis ko ƙasar da kake. A 2024 manyan bankunan Singafo suka fara janye lambar tes wajen shiga asusu ga duk wanda ya kunna makullin tsaro da ke cikin manhajarsu, mai tabbatar da cewa shi ne mai asusun. Irin wannan nake fata kowane banki ya bayar, ko da a matsayin zaɓi ne.

Mutane da yawa sun ba ni shawarar in yi rajista da lambar ƙanina, ya riƙa karanto mini. Na ƙi, kuma ba don ina zarginsa ba. Akwai bambancin lokaci tsakaninmu, sau da yawa yana barci nake buƙata. Sannan wayarsa na iya ɓacewa, ko wani ya kira shi da sunan ma'aikacin banki ya ruɗe shi. Idan hakan ta faru, da kuɗin da zumuncin duka za su taɓu, kuma ba na son ɗora masa wannan nauyin. Lambobin intanet irin Google Voice ma na duba, sai na ga bankuna da dama ba sa karɓarsu.

Sai da na je hutu bayan wata biyar na gyara komai. Na ci sa'a ba a kai ga sayar da lambar ba, suka dawo mini da ita. A ofishin kamfanin na sa aka kunna mini romin, da kuma karɓar kira da saƙo ta Wi-Fi, wanda ya fi sauƙin kunnawa tun kana gida. Na sa wa sim ɗin lambar sirri, yadda ko an sace wayar ba za a sa shi a wata ya yi aiki ba. A banki kuma na tambaya ko suna da wata hanya bayan tes. Ashe akwai ɗan makulli mai allo, kamar mariƙin mabuɗi, wanda ke fitar da lamba idan an danna. Shekara huɗu ina hulɗa da su, ba wanda ya taɓa faɗa mini, sai da na tambaya.

Yanzu layin yana cikin tsohuwar wayata mai maɓallai, a aljihun tebur kusa da fasfo. Cajinta yana kai mako guda. Ranar ɗaya ga kowane wata nake ɗauko ta, in sa mata kati kaɗan, in tura wa ƙanina tes. Jiya ma na tura, ba a yi minti ɗaya ba ya amsa: "Ya shigo, Yaya. Mama tana gaishe ka."