Daren Jiya Da Bonanza

Jiya na kasa barci, sai na kunna Bonanza, tsohon fim ɗin kaboyi na Amurka da aka fara a 1959. Akwai kashin da James Coburn ya fito a matsayin abokin Adam Cartwright, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya koma zargin matarsa da Adam ɗin, har da duka. Abin da ya tsaya mini a rai: shi Adam yana da uba da ƙanne a gonar Ponderosa, abokin kuwa daga shi sai matar da yake wahalarwa.

Nan na tuna yayana. Shekara biyu muna ta cewa aljanu ne, Inna ce kaɗai ta dage sai an kai shi asibiti. Wallahi sai da na kashe talabijin ɗin.