Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Karnukan Makiyayan Anatoliya

Makon jiya na bar ku a bakin garin Kayseri, na ɗaure kayana a jikin keke na ɗauki hanyar Sivas. Tun kafin in shiga Turkiyya, duk mai yawon duniya a keke da na gamu da shi, hirarsa ba ta ƙarewa sai ya kawo zancen Kangal.

Karen makiyaya ne, ya samo sunansa daga wani gari a lardin Sivas. Namiji yakan kai kilo 60, jikinsa ruwan ƙasa, bakinsa baƙi ƙirin, wutsiya a nannaɗe bisa gadon baya. Makiyaya na sa masa kwalar ƙarfe mai tsinin ƙusoshi don kada kyarkeci ya kama shi a maƙogwaro. Da tumaki yake kwana, da su yake tashi, kuma duk abin da ya doso garken abokin gaba ne har sai ubangidansa ya nuna masa akasin haka.

Haɗuwarmu ta zo ne bayan la'asar, a tsakiyar wani dogon hawa. Ina ta fama da feda, gudun da nake yi bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba, sai na hango garke a gefen tudu. Kafin in gama ƙare masa kallo, karnuka biyu sun taso, ƙura na bin su. Zuciyata ta ce in ƙara wuta. To, wace wuta? Keke mai ɗauke da kaya a kan hawa, ga dabbar da ke iya wuce kilomita 40 a awa. Na matse birki, na sauko ta ɗaya gefen, na gitta keken tsakanina da su.

Babban ya zo har kusa da jakar gaba ya tsaya. Ina ganin tsatsar da ke jikin ƙusoshin kwalarsa, da kunnuwansa da aka datse, da yawun da ke zuba duk sanda ya yi haushi. Gurnaninsa kuwa har cikin ƙirjina nake jin sa. Ban haɗa ido da shi ba, domin a wurin kare wannan neman faɗa ne. Ƙafafunsa na gaba nake kallo, ina yi masa magana ƙasa-ƙasa da Hausa, tunda sanyin muryar yake saurare. In ya zagaya dama, in juya keken dama. Ƙaramin ya so ya biyo ta bayana, sai na ja da baya har na jingina da bakin dutsen da ke gefen titi. Gwiwoyina suna rawa, wallahi, amma ban yi wani motsi na gaggawa ba.

Can sai ga fito daga saman tudu. Nan take haushin ya lafa. Wani dattijo ya gangaro da sandarsa, muka yi sallama, ya dafa kan babban karen, sannan ya taka mini har muka wuce ƙarshen garken ina tura keke. Sai da muka yi nisa ya yi mini alama da hannu in hau.

Abin da na fahimta a wannan tafiya shi ne, gudun ne ke kunna kare. Ƙafafu na juyawa, taya na juyawa, abu na ƙoƙarin tsere masa, sai ɗabi'arsa ta farauta ta motsa. Da zarar ka tsaya ka dira ƙasa, ka koma mutum, halittar da ya sani tun yana ɗan kwikwiyo. Karnukan ƙauye ma iyakarsu kawai suke tsaro, kana wuce gidan ƙarshe za su juya. Irin waɗannan in ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse sukan watse, ko ka fesa musu ruwan gorarka a fuska. Kangal da ke kan aikinsa ba ya ko gezau da wannan.

Masu kai wa kare shuri suna kan keke kuwa, ban taɓa goyon bayansu ba. Ka miƙa masa ƙafar da yake nema, kanka na waige, keken na karkata zuwa tsakiyar titi, ga babbar mota a bayanka. Ban kuma yarda a daki karen makiyayi ba. Dukiyar mutumin nan gaba ɗaya a kan wannan dabba ta rataya.

Na cikin gari ba su cika damuna ba. Da yawansu na da alamar roba a kunne, shaidar an yi musu rigakafi an kuma yi musu fiɗiya bisa dokar 2004, kodayake a 2024 majalisar ƙasar ta sauya dokar ta ce a riƙa kwashe su zuwa matsugunai.

Cizon da na gani da idona ba na Kangal ba ne. Wani saurayi da muka haɗa hanya bayan Sivas, ɗan ƙaramin kare ne ya fito daga bayan wata katanga, ko haushi bai yi ba, ya cafke shi a sha-raɓa. Huda biyu ƙanana, jini kaɗan. Ya ce mu goge mu ci gaba. Na ce masa, "Ƙanena, ba inda za mu." Na zaunar da shi a bakin titi, na fito da sabulu, muka yi ta wanke wurin ina duba agogo har minti 15 suka cika, ruwanmu duka ya ƙare a kai. Wannan wankin shi ne matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ke jaddadawa, domin yana rage ƙwayar cutar haukan kare kafin ta kama jijiya. Cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Asiya da Afirka, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Muddin alamunta suka bayyana, da wuya a tashi. Amma allurar da Louis Pasteur ya fara gwadawa a jikin ɗan Adam a 1885 tana tare ta, in an yi da wuri.

Wata motar ɗaukar kaya ta kwashe mu da kekunanmu zuwa asibiti, aka yi masa allurar farko a daren, aka rubuta masa ranakun sauran. Dole muka sake lissafin tafiya yadda kowace ranar allura za ta same mu a garin da ke da asibiti. Wannan ne ya karkatar da mu zuwa Divrigi, garin da ban taɓa sa shi cikin shirina ba, kuma labarinsa zan ba ku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.