Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin Layin Kawu Sale

Makon jiya na tsaya a inda Kawu Sale ya damƙa mini makullin kejin karnuka na Bukuru. Na so yau in shiga maganar aurena da Rabi, amma littafin layin masu jiran sayen kwikwiyo ne ke ta dawo mini a rai, don haka auren ya ɗan jira.

Kawu bai taɓa karɓar kafin alƙalami a kan kwikwiyon da ke cikin uwarsa ba. Ko wa aka turo masa, amsar ɗaya ce: "Ba a cinikin biri a sama." Karya takan yi kwana 63 da ciki, kuma ba kowace barbara ke kamawa ba. Wata ma cikin ƙarya take yi, nono ya kawo, ta riƙa tonon wurin haihuwa, alhali babu komai. Hoton ciki a wajen kwana 28 zai nuna akwai ciki, amma ƙirgen 'ya'ya da shi ba abin dogaro ba ne. Sai bayan kwana 45, da ƙashi ya yi ƙwari, hoton ƙashi ke ba da adadi. Ko an haihu lafiya, mako biyun farko ne lokacin asara: sanyin Filato, uwa ta danne ɗaya, wani ya kasa kama nono.

Shi ya sa littafin yake da shafi biyu. Na farko layi ne, ba a biyan ko sisi: suna, ranar da mutum ya zo, namiji yake so ko mace, gadin gida ne ko na gona. Karyar Jaman Shefad mai haihuwar shida zuwa takwas, suna huɗu kawai ake yi wa alkawari, sauran a gaya musu suna jiran tsammani. Kafin kowa ya zaɓa, sai an cire na mai namijin da aka kai barbara, idan da kwikwiyo aka yi da shi za a biya, domin zaɓin farko nasa ne.

Shafi na biyu ba a buɗe shi sai 'yan kwikwiyon sun buɗe ido, wato kwana 10 zuwa 14. A nan ake kiran mutane bi da bi. Wanda aka kira yana da kwana uku ya kawo sulusin kuɗi, in ya wuce a tsallake shi. A rubuta takarda biyu, ɗaya tasa ɗaya tamu: farashi, abin da ya bayar, lambarsa a zaɓi, ranar ɗauka. Zaɓi sai mako shida, lokacin da halin kowane ya fara fitowa, a ɗaura masa zare mai launi a wuya.

Ɗanladi, wanda shi ma ɗan gidanmu ne, ya san wannan duka, a gabansa aka yi. Amma shekarar da Kawu ya rasu ya karɓi kuɗin mutum tara tun karya ba ta haihu ba, ta haifi biyar, fabo, cutar amai da zawon jini mai kama 'yan kwikwiyo, ta kashe biyu. Har yau ana kiran sunan gidanmu da wannan, shi kuwa ko a jikinsa. Cinikin biri a sama, ga shi nan.

Maganar fabo ma ita ta sa ba a barin masu jira su shiga keji. Mutum ya zaga wani gidan karnuka ya zo, a takalminsa yake kawo ta. Maganin tsutsa a mako 2, 4, 6 da 8. Allurar farko tsakanin mako shida da takwas, a rubuta a kati, likita ya sa hannu. Ba a sakin kwikwiyo kafin mako takwas, ko mai shi zai yi kuka. Ta haukan kare sai wata uku, wannan kuma nauyin mai saye ne, ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom nan kusa da mu.

Abin da ya fi jawo rigima shi ne fasawa. Masu kiwo da yawa cewa suke kafin alƙalami ba ya dawowa. Kawu ya tambayi Malam, Malam ya ce a mazhabar Malikiyya riƙe kuɗin wanda ya fasa bai halatta ba, Hambalawa ne suka yarda. Don haka in mutum ya fasa, sai na bayansa ya saya a mayar masa da nasa cif. In kwikwiyon ya mutu a hannunmu, mai shi ko ya karɓi kuɗinsa ko ya zama na ɗaya a haihuwa ta gaba, wadda mukan jinkirta don uwar ta huta, ya san zai jira kusan shekara. Wanda kuma ya bar mana kare bayan ranar ɗauka, kuɗin abinci na hawa kansa kullum, yana cikin takarda.

Littafin yana wurina. Ɗanladi ya aiko sau biyu a ba shi.