Takardar da na ƙi sa wa hannu

Ranar Lahadin da ta wuce, muna fitowa daga sujada, ɗan ƙanwata ya tare ni a bakin ƙofar majami'a. Ya ce, "Kawu, ɗan hannu za ka sa mini, shaida kawai." Takardar hayar wani ɗan shago ce a kasuwar waya ta Farm Centre. Su biyu suka kama shagon, shi da abokinsa, kuma na san mafi yawan jarin daga wajen abokin ya fito, don uwarsa ce ta kwashi adashe ta ba shi. Yanzu abokin yana kwance a asibitin ƙashi na Dala wata na uku ke nan, mota ta bugi adaidaita sahun da yake ciki, an sa masa ƙarfe a cinya. Haya ta ƙare, za a sabunta, sai ga suna ɗaya tilo a takarda.

Na ce, ina sunan ɗan'uwanka? Ya ce, "Kawu, ai ni kaɗai nake ta fama. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. In ya warke zan duba shi." Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Yaron da ya gama kaɗa mana jita a ƙungiyar mawaƙa, har mata suna share hawaye da bakin gyale.

Zan duba shi. Ni ma haka na faɗa, da bakin nan nawa, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, sai dai ni "zan duba su" na ce, don su biyar ne.

Wana ne ya kawo ni Kano daga ƙauyenmu, ina ɗan shekara goma sha huɗu, ba ni da ko takalmin kirki. Yana da shagon robobi a kasuwar Sabon Gari: bokitai, baho, butoci, kulolin abinci. Shi ya koya mini zuwa saro kaya a kamfanonin Sharaɗa da Bompai, shi ya koya mini yadda ake murɗa bakin bokiti a gane ko robar za ta jure rana. Shi ya tsaya mini ranar da aka yi mini baftisma, shi ya biya sadakin matata. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce ga amanar yara nan. Ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu, babbar tana aji biyu a sakandare.

Ba a cika wata shida ba na mayar da takardar shago da sunana.

A nan zan kare kaina, don gaskiya ba gefe ɗaya gare ta ba. Shagon da ya bari bashi ya yi masa katutu, jinya ta cinye jari. Ni na yi ta yawon ba masu bin bashi haƙuri, ni na kwana a kan buhu a ƙofar kamfani ina jiran layi. Da na bar wa matarsa shagon a lokacin, da ko Kirsimeti bai kai ba. Ba ta san ciniki ba, ba ta san lissafin kamfani ba. Duk wannan gaskiya ne, har gobe zan faɗa. Abin da ba na faɗa shi ne, a cikin shekara uku na biya bashin kaf, shago ya cika har na kama na biyu, amma abin da nake aika mata ƙarshen wata bai ƙaru da ko kwabo ba. Kuɗin makarantar namijin nake biya, shi ma sai an koro shi. Babbar yarinyar ta bar makaranta ta koma taya uwarta suyar awara a bakin titi a Brigade. Na gan ta da idona, hayaƙi yana shigar mata ido, na ce a raina ai sana'a ma ilimi ce.

A daidai shekarun nan ne aka zaɓe ni ma'ajin ikilisiya. Zakkata ba ta taɓa makara ba, ɗaya bisa goma cif, a cikin ambulan, da sunana a rubuce baro-baro. In za a yi gini ni ne na farkon miƙewa in yi alkawarin buhunan siminti. Kuma kada ku ɗauka munafunci nake yi da sani. Ko kusa. Da zuciya ɗaya nake rera waƙa, da zuciya ɗaya nake barci. Shi son kai ai ba da sunansa yake zuwa ba. Ni da sunan "iyalina" ya zo mini, da sunan "sai shago ya tsaya da ƙafarsa tukuna", da sunan "mace ba za ta iya ba". Bahaushe ya ce so duka so ne amma son kai ya fi, muna faɗa muna dariya, alhali cutar da ke kashe mu ke nan. Annabi Irmiya a sura 17 ya ce zuciya ta fi kome yaudara, na sha jin ana karantawa, kullum sai in tuno da wani ɗan kasuwa da na tabbata da shi ake.

Mutum ɗaya ne ya taɓa faɗa mini ido da ido, kuma ba ɗan majami'armu ba ne. Wani Alhaji maƙwabcina a layi, mai sayar da kwanukan silba, ya kira ni gefe wata rana bayan ya idar da sallar la'asar, ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, dukiyar maraya wuta ce." Na yi wata guda ba na gaishe shi.

Sai gobarar watan Maris na 2016. Wanda yake Kano a lokacin ya san ta. Cikin dare ta tashi, wayewar garin Asabar 26 ga wata, tsakanin Juma'ar da muke tunawa da gicciye Almasihu da Lahadin Ista. Dubban shaguna suka tafi. Roba kuwa ba ta barin ko toka mai kyau. Da wuri ya huce na shiga, sai na tarar da bokitaina sun narke sun haɗe wuri ɗaya, ja da shuɗi da kore sun zama wani baƙin dutse mai wari, hannayen ƙarfe suna leƙowa daga cikinsa. Ba zan ce muku hukunci ne aka yi mini ba. Shagon Alhajin ma ya ƙone ƙurmus, shi da bai ci haƙƙin kowa ba, da na zawarawa da yawa. Wuta ba ta tambayi kowa halinsa ba.

Abin da ya karya ni ya zo ne ranar Litinin. Matar wana ta yi sallama a gidana da kular tuwo da miyar kuka. Kular ma daga shagona ta fito, ita ce "kyautar Kirsimeti" da na taɓa aika mata a maimakon rabonta. Ta ajiye, ta ce, "Baba Ƙarami, sannu da wannan abu. Ci ka samu ƙarfi." Sannan ta kwance bakin zani ta fito da kuɗi a naɗe da roba, ta ce na adashenta ne, in fara da shi.

Kun san abin da na fara ji? Haushi. Na so a ce zagina ta zo yi, da na san amsar da zan ba ta, don na shekara goma sha ina shirya ta. Amma alheri daga hannun da na cuta, wannan ba ni da amsarsa. Tuwon ya kwana ban taɓa shi ba.

Na je wajen fastonmu da lissafi a takarda, in biya in wanke kaina. Ya duba, ya ce ko a tuban ma kaina nake nema, so nake in fita da suna mai tsabta. Ya buɗe mini Luka sura 19, labarin Zakka shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Ya ce in lura, Yesu ya kira shi daga kan itace ya ce a gidansa zai sauka tun bai ba kowa ko anini ba. Rabin dukiya ga matalauta da mayar da ninki huɗu, duk daga baya suka biyo. Ya kai ni Romawa sura 5, inda Bulus ya ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, da Afisawa sura 2, cewa ceto ta wurin alheri ne, ba aikinmu ba, don kada wani ya yi fahariya. Ayoyin da na haddace tun ina ajin baftisma. Shekara da shekaru ina ba da zakka, ban taɓa zama Zakka ba. Wanda ya faɗa rijiya ba ya jan kansa da gashin kansa, ni kuma ban ma san a rijiya nake ba.

Na mayar da abin da zai mayu. Da aka sake gini, sunan ɗan wana ya hau takarda. Ninki huɗu kam ban iya ba, kuma karatun yarinyar nan babu kasuwar da ake sayo shi. Tana gaishe ni da ladabi, ba ta daɗewa.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari goma, ku matasa, amma da na tuna yadda kuke karatu da babban yatsa, kuna wucewa kafin magana ta kai rabi, sai na ga ɓata tawada ne. Ga abin da ya rage.

In kun ji bakinku ya ce "zan duba shi daga baya", ku tsaya cak, ƙarya ce ta fara. Ba ta wani ba, taku.

Kada ku haɗa jari da aboki ko ɗan'uwa, rigimarsa ta fi ribarsa. To amma da wana ya bi wannan shawara, da har yau ina ƙauye ina kiwon awakin mutane. Ku haɗa ɗin, sai dai ku rubuta kome a takarda da shaidu. Ko da yake ni da takarda da shaidu na yi tawa cutar, kuma shaidun dattawan ikilisiya ne. Kun ga dai takarda ba ta gyara zuciya.

Kada kuma ku ɗauka hidimar majami'a tana biyan bashin mutum. Yesu da kansa ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ajiye baikon ka je ku shirya tukuna, yana nan a Matiyu sura 5. Ku kuwa yanzu aya sai a saman WhatsApp, kowa ya zama mai wa'azi da hoton kansa a gefe, amma a ce a je dubiya Dala sai a ce kuɗin mota ya yi tsada. Mu a zamaninmu... to, bari in yi shiru, na gaya muku abin da muka yi a zamaninmu.

Na ninke takardar na mayar wa yaron ba tare da na sa hannu ba. Na ba shi labarin nan a tsaye, a rana, a gajarce. Ya saurara, ko ya yi kamar yana saurara, sannan ya ce, "Kawu, ai naka daban, kai marayu ne." Na ce masa ranar Asabar ƙarfe huɗu zan je Dala, ina da wuri a bayan babur. Ya ce zai duba ya gani in babu ciniki.